Ramewar Ɓarin Fuska da Rawar Tsoka: Abin da Za a Lura da Shi da Matakan da Za a Bi

Akwai wata cuta da ba kasafai ake ganinta ba, wadda ke sa ɓari ɗaya na fuskar mutum ya riƙa ramewa sannu a hankali, shekara bayan shekara, alhali ɗaya ɓarin yana nan yadda yake. A takardar asibiti ana rubuta ta da sunan Parry-Romberg, wato sunayen likitoci biyu da suka fara bayyana ta: Caleb Parry na Ingila, wanda aka buga bayaninsa a 1825 bayan rasuwarsa, da Moritz Romberg na Jamus, wanda ya faɗaɗa bayanin a 1846. Yawanci tana farawa ne tsakanin shekara 5 zuwa 15, ta fi kama mata, kuma takan yi ta ci na tsawon shekara 2 zuwa 10 kafin ta lafa da kanta. Ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma mafi yawan masu ita babu wani a danginsu da ya taɓa yin ta.

Abin da ke ɗaukar hankalin iyaye da dangi shi ne kamannin fuskar, kuma wannan ba abin zargi ba ne, domin shi ido ke gani. Amma cutar ba a fata kaɗai take tsayawa ba. Tana iya taɓa jijiyoyin fuska, da ido, har da ƙwaƙwalwa, kuma sau da yawa alamar farko ta hakan ita ce wata 'yar rawa ko fizga a tsoka wadda ake yi wa riƙon sakainar kashi. A ganina, gane irin wannan rawar da ɓarin da take faruwa ya fi gaggawa a kan neman gyaran fuska, domin gyaran fuska zai iya jira, farfaɗiya da kumburin cikin ido kuwa ba sa jira.

Da farko a tabbatar ramewa ce

A zaunar da mara lafiya inda haske ke dukan fuskarsa daga gaba, a dube shi da kyau. A wannan cuta kitsen da ke ƙarƙashin fata ne ke fara zaizayewa, sai kunci ya lotsa, ko gefen hanci, ko gefen goshi tsakanin ido da kunne. Daga baya ramewar kan kai ga tsoka da guringuntsi da ƙashi, musamman idan ta fara kafin yaro ya kai shekara 10, lokacin da ƙashin fuska bai gama girma ba. Baki da hanci sukan karkata zuwa ɓarin da ya rame, ido ya faɗa ciki, leɓen wannan ɓarin ya sirance har haƙora su riƙa leƙowa. Fatar wurin tana iya yin duhu ko haske, gira ko gashin kai su zube a wuri guda ko su yi fari. Wasu kuma sukan sami wani layi mai zurfi da ya sauko daga cikin gashi zuwa goshi, wanda likitocin Faransa suka laƙaba wa suna sarar takobi. A ce wa mara lafiya ya fito da harshensa, domin rabin harshen ma yana iya sirancewa. Kusan kullum ramewar tana tsayawa a tsakiyar fuska ba ta tsallaka ba.

Dalilin wannan dubawa shi ne a raba cutar da wasu da ke kama da ita. Shanyewar ɓarin fuska, wadda mutane kan danganta da iska, tana zuwa ne cikin kwana ɗaya ko biyu: mutum ya tashi daga barci ya ga baki ya karkace, ido ba ya rufuwa, amma naman kuncin yana nan cike. Shanyewar ɓarin jiki ita ma farat ɗaya take zuwa, kuma takan haɗa da hannu da ƙafa da sarƙewar magana. Yaron da aka haifa da ɓarin fuska ƙarami, sau da yawa tare da ƙaramin kunne, tun ranar suna ake ganin bambancin. Ramewar kumatu da wasu tsofaffin magungunan cutar ƙanjamau ke jawowa ɓari biyu take kamawa. Cutar noma kuwa gyambo ne mai cin baki da kunci cikin kwanaki, da wari da zazzaɓi. Tabon fata mai haske da ba ya jin taɓi dole ne a gwada shi saboda kuturta. A kuma tuna ko an taɓa yi wa mutum allura a wurin, domin allurar sitiroyid, wato maganin rage kumburi, tana iya barin lotsawa a inda aka yi ta.

Daga nan sai a koma kan hotuna. A tattaro tsofaffi, na makaranta, na biki, na katin shaida, a jera su bisa shekaru, domin tambayar farko da likita zai yi ita ce yaushe abin ya fara, kuma da wuya a sami wanda zai tuna daidai tun da canjin a ɓoye yake tafiya. Sannan a fara ɗaukar sababbi duk bayan wata uku, a wuri ɗaya, da haske iri ɗaya, ba kwalliya, ba a yi amfani da manhajar da ke gyara fuska ba: ɗaya daga gaba, ɗaya daga kowane gefe, ɗaya kuma daga ƙasa mutum ya ɗaga haɓa, wanda shi ya fi nuna bambancin kumatu da faɗawar ido. Wannan mataki yana da nauyi a wurinmu fiye da yadda littattafan Turai ke nunawa, domin jan launin da ke zagaye wurin da cutar ke ci ba ya fitowa sosai a baƙar fata, saboda haka hoto ne babbar shaidar ko tana ci gaba ko ta tsaya.

Wace irin rawa ce, kuma a wane ɓari take?

Jijiyoyi iri 12 ne ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, kowacce dama da hagu, kuma biyu daga cikinsu ne suka shafi wannan magana. Ta bakwai ita ke motsa tsokokin murmushi da rufe ido da ɗaga gira. Ta biyar tana da rassa uku, na goshi da na kunci da na muƙamuƙi, ita ke ɗaukar jin taɓi da zafi daga fuska, kuma reshenta na ƙasa ne ke ba tsokokin tauna umarni. Ramewar da muke magana a kai yankin jijiya ta biyar take bi, don haka yawancin matsalolinta daga nan suke ɓullowa.

Rawar fatar ido, wadda mutane kan fassara da cewa za a ga baƙo, ita ce mafi yawa kuma mafi sauƙi. Tana samun kowa, mai cuta da mai lafiya, sakamakon gajiya, ƙarancin barci, damuwa, ko yawan goro da shayi da kofi. Idan a fatar ido kaɗai take, ba ta rufe idon, kuma ta tafi bayan kwanaki ko makonni kaɗan, a huta a rage abin sha mai hana barci. Idan ta wuce wata guda, ko ta sauko zuwa kunci, a rubuta ta cikin abin da za a gaya wa likita.

Wadda ta fi alaƙa da ramewar fuska ita ce ɗaurewar tsokar tauna ta ɓari ɗaya, wadda William Gowers na Ingila ya bayyana tun 1897. Takan fara da ɗan motsi a kusurwar muƙamuƙi ko a gefen kai sama da kunne, kamar nama yana rawa a ƙarƙashin fata, a ɓarin da ya rame. Da tafiya ta yi nisa sai motsin ya zama fizga, fizgar kuma ta zama ɗaurewa mai zafi: muƙamuƙi ya datse da ƙarfi ba da nufin mai shi ba, ya tsaya haka na daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna, sannan ya saki. Tauna ce ta fi tayar da ita, sai magana da dariya da cije haƙora. Mutum yana cikin cin tuwo lafiya ƙalau, da ya kai ga tsokar nama ko ya ciji goro sai bakin ya kulle, wani lokaci da harshe ko naman cikin kunci a tsakanin haƙora. An sha samun waɗanda haƙorinsu ya tsage ta haka. Duk tsawon lokacin mutum yana cikin hayyacinsa, yana jin abin da ake faɗa, yana iya nuni da hannu, kuma wannan shi ne babban abin da ya bambanta ta da irin farfaɗiyar da ke gusar da hankali. Wani abu da ke ruɗa mutane shi ne, saboda yawan aikin da tsokar ke yi ba hutu, tana iya yin kauri, sai a ga kusurwar muƙamuƙi ta taso a fuskar da sauran namanta ya rame, a yi zaton ƙari ne ko kumburin haƙori.

Bayanin da likitoci suka fi karɓa shi ne cewa naman da ke can ciki yana taurarewa yana matse ƙaramin reshen jijiyar da ke zuwa tsokar tauna, har rigar da ke lulluɓe da jijiyar ta lalace a wurin. Kamar wayar lantarki ce da robarta ta saluɓe: tana tartsatsi da kanta, tsoka kuma tana amsa kowane tartsatsi a matsayin umarni. Ana iya gwada wurin a gida ba tare da wata na'ura ba. A ɗora yatsu a kusurwar muƙamuƙi dama da hagu, a ce mutum ya cije haƙora a hankali, za a ji tsokar ta taso, sannan a mayar da yatsun gefen kai a sake. Da zarar an san wuraren nan biyu, idan rawar ta zo za a iya cewa ga takamaiman inda take. Wasu masu wannan matsala sukan lura cewa buɗe baki da gangan yana katse ɗaurewar, kuma wannan ma bayani ne da likita zai so ya ji.

Akwai kuma fizgar da ke fitowa daga jijiya ta bakwai, wadda ke farawa a kewayen ido, ta riƙa matse shi, daga baya ta riƙa jan gefen baki sama lokaci guda. Ba ta datse haƙora, ba ta cika zafi ba, kuma takan ci gaba ko mutum yana barci. Wanda ya taɓa yin shanyewar ɓarin fuska ya warke yana iya samun makamancin haka, ido ya riƙa ƙanƙancewa duk lokacin da ya yi murmushi ko yake tauna.

Rawar da ta fi kowacce buƙatar gaggawa ita ce wadda tushenta ke cikin ƙwaƙwalwa. Idan cutar ta taɓa ƙwaƙwalwa, yawanci ɓarin da fuska ta rame take taɓawa, kuma da yake kowane ɓarin ƙwaƙwalwa kishiyar ɓarin jiki yake sarrafawa, alamar takan fito a ɗaya gefen. Wato yarinyar da kuncinta na hagu ya rame, idan aka ga babban yatsanta na dama yana fizga a jere, ko gefen bakinta na dama, ko fizgar ta tashi daga yatsu ta hau hannu ta kai fuska, to wannan farfaɗiya ce ta yanki ɗaya har sai an tabbatar ba ita ba ce, ko da yarinyar ba ta faɗi ba, ko da tana magana. Wani lokaci babu fizga ma, sai dai a ga mutum ya yi zuru na daƙiƙoƙi, yana tauna baki ko yana wasa da rigarsa, a kira shi bai amsa ba, bayan ya dawo kuma bai san an yi ba. Wasu sukan ji wani wari da babu mai jin sa sai su, ko tafiyar kiyashi a hannu ɗaya, kafin abin ya zo. Akwai nau'in da fizgar ke ci gaba a wuri ɗaya na awanni ko kwanaki ba tsayawa, kuma a yara wannan yana iya zama alamar wani kumburin rabin ƙwaƙwalwa mai suna Rasmussen, wanda aka sha samunsa tare da ramewar fuska.

Tun da rawar ba ta cika zuwa a gaban likita ba, bidiyon waya shi ne shaidar da ta fi ƙarfi. A ɗauki fuskar gaba ɗaya tare da hannaye biyu, kada a matso da wayar kan wurin da ke motsi kaɗai. Ana cikin ɗauka a kira sunan mutum, a ce ya ɗaga hannu, a faɗa masa wata kalma kamar lemo ko kujera, bayan abin ya wuce a tambaye shi ko ya tuna ta. A ware ɗan littafi a riƙa rubuta rana da lokaci, abin da yake yi sa'ad da ta fara, ɓarin da ta kama, tsawon lokacinta, da halin da ya shiga bayanta, ko barci ko ciwon kai ko raunin hannu. A kuma rubuta duk maganin da yake sha, domin maganin amai irin metoclopramide da wasu magungunan taɓin hankali suna iya murɗe muƙamuƙi da wuya, kuma ƙarancin kalsiyam a jini yana sa fuska rawa.

Ciwon kai, zafin fuska, ido da haƙora

A 2003 wani likitan jijiyoyi a Birtaniya mai suna Jon Stone ya tattara bayanan mutum 205 masu wannan cuta daga ƙasashe daban-daban ta intanet. Kusan rabinsu sun ce suna fama da ciwon ɓarin kai, kusan rabi suna da zafin fuska, kuma kimanin ɗaya cikin goma yana da farfaɗiya. Ma'anar wannan ita ce mafi yawa ba za su taɓa yin farfaɗiya ba, amma adadin ya ninka na sauran jama'a sosai, ya kuma isa a sa ido. Zafin fuska iri biyu ne. Akwai mai nauyi da ke daɗewa, akwai kuma na jijiya ta biyar, wanda ke zuwa kamar fizgar wuta na daƙiƙa kaɗan idan an taɓa kunci, ko ana alwala, ko asuwaki, ko iska mai sanyi ta bugi fuska. Wannan na biyun paracetamol ba ya yi masa komai, kuma mutane da yawa sun rasa lafiyayyun haƙora saboda an zaci su ne ke ciwon. Kafin a cire haƙori a ɓarin da ya rame, a tabbatar hoto ya nuna matsala a haƙorin.

Ido yana buƙatar dubawa ko da ba ya ciwo. Kumburin cikin ido yana iya tafiya shiru a yara, ba ja ba zafi, har sai ya rage gani, kuma ba a ganinsa sai da na'urar likitan ido mai siririn haske. A gaya wa likita idan ana gani biyu-biyu, ko fatar ido ta sauko, ko baƙin tsakiyar ido ɗaya ya fi ɗaya girma, ko idon ba ya rufuwa sosai da dare. Haƙoran yaro a ɓarin da ya rame suna iya jinkirin fitowa ko su fito da gajerun saiwoyi, don haka likitan haƙori yana cikin waɗanda za a riƙa gani.

Akwai alamomin da ba a jiran ranar asibiti dominsu: jijjigar da ta wuce minti 5 ko ta maimaitu mutum bai farfaɗo ba, raunin hannu ko ƙafa da ya zo farat ɗaya, ɗaukewar magana ko gani, ciwon kai mai tsanani da ya sauko lokaci guda irin wanda ba a taɓa ji ba, jan ido mai zafi da gudun haske, da kullewar muƙamuƙi da ba ta saki ba tare da sandarewar wuya ko baya, musamman bayan rauni, domin wannan na iya zama tetanus, cutar da ke shiga ta rauni ta sandarar da jiki. Idan mutum ya faɗi yana jijjiga, a kawar da wuta da abubuwa masu kaifi, a sa tufafi mai laushi ƙarƙashin kansa, a juya shi gefe, a duba agogo. Kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa ruwa ko magani, kada a yi masa hayaƙi, kada a danne shi. Yawunsa ba ya sa wa kowa cuta.

A asibiti

Babu gwajin jini guda da ke tabbatar da wannan cuta, da dubawa da tarihi ake gane ta, saboda haka a nemi takardar turawa zuwa babban asibiti inda ake da likitan jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, da likitan fata, da na ido, irin asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato, ko manyan asibitocin Yamai ga mutanen Nijar. A faɗi a fili cewa sashen jijiyoyi ake nema, ba na masu taɓin hankali ba. A tafi da hotuna da bidiyo da ɗan littafin nan da kwalayen magunguna.

Hoton MRI na ƙwaƙwalwa, wanda ake yi tare da allurar da ke ƙara fito da wuraren kumburi, shi ne gwaji mafi muhimmanci, kuma likitoci da yawa suna neman a yi shi ko da babu alamar jijiya ko ɗaya. Yana iya nuna tabo a farin sashen ƙwaƙwalwa, ko motsewar wani yanki, ko matsala a jijiyoyin jini. Kada a firgita da sakamakon kafin likita ya fassara shi, domin akwai masu tabo a hoto da ba su da wata matsala, akwai kuma masu farfaɗiya da hotonsu ya fito lafiya. Hoton CT ya fi nuna ƙashi da wuraren da kalsiyam ya taru. Gwajin EEG, wanda ake manna wayoyi a kai don auna wutar ƙwaƙwalwa, ana yin sa idan ana zargin farfaɗiya, kuma fitowarsa lafiya sau ɗaya ba ta kore ta. Gwajin EMG kuwa siririyar allura ake sakawa cikin tsokar tauna a ga yadda take harbawa, kuma shi ke tabbatar da cewa rawar daga jijiya ta biyar take. Idan kuɗi bai isa a yi duka lokaci guda ba, a tambayi likita kai tsaye wanne ne zai canza maganin da zai bayar, a fara da shi.

Magani, da abin da ya kamata ya riga wani

Aiki na farko shi ne tsayar da cutar idan tana kan ci. Yawancin likitoci suna kallonta a matsayin 'yar'uwar cutar taurarewar fata, inda garkuwar jiki ke kai wa naman jiki hari, don haka maganin da aka fi bayarwa shi ne methotrexate, tare da sitiroyid irin prednisolone a watannin farko. Idan bai yi aiki ba akan koma mycophenolate. Waɗannan magunguna ba sa dawo da naman da ya tafi, aikinsu hana ƙarin asara ne, kuma akan ci gaba da su aƙalla shekara guda bayan cutar ta lafa. Dole ne kowa a gidan ya san cewa methotrexate sau ɗaya ake shan sa a mako, ba kullum ba, domin shan sa kullum bisa kuskure ya kashe mutane. A zaɓi rana guda, a rubuta ta a jikin kwalin da babban baƙi. Ana haɗa shi da folik asid, ana gwajin jini da na hanta a kai a kai, kuma kafin a fara ana gwada tarin fuka da ciwon hanta da ƙanjamau, gwaje-gwajen da bai kamata a tsallake su ba a yankin da waɗannan cututtuka ke da yawa. Methotrexate da mycophenolate duka suna illata ɗan tayi, don haka matar aure ko budurwar da ake shirin aurenta ta faɗa wa likita tun kafin ya rubuta, a kuma sa mijin cikin maganar.

Ga ɗaurewar tsokar tauna da zafin jijiya ta biyar, akan fara da carbamazepine ko makamancinsa, da ƙaramin awo ana ƙarawa. Idan ƙuraje suka feso bayan an fara shi, musamman da zazzaɓi ko gyambon baki ko jan ido, a tafi asibiti a ranar. Yana kuma rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa. Ba kowa ne maganin sha ke yi wa aiki a wannan ɗaurewa ba, kuma abin da ya fi tasiri shi ne allurar botulinum, wadda aka fi sani da Botox, a cikin tsokar da ke ɗaurewa. Takan fara aiki cikin kwanaki, ta yi kimanin wata uku, sannan a maimaita. Likita ne da ya san tsokokin fuska zai yi ta, ba a shagon kwalliya ba, kuma a sani tun farko cewa tana sirantar da tsokar, wanda zai iya ƙara fito da ramewar. Ni dai ina ganin wanda muƙamuƙinsa ke datse masa harshe ya cancanci wannan sauƙin ko da kunci zai ɗan ƙara lotsawa, amma shawarar ta mai fuskar ce. Kafin magani ya kama, a sassauta abinci, a ajiye kilishi da rake da aya da goro da cingam, a yanka nama ƙanana, a nemi likitan haƙori ya yi robar kare haƙora.

Wanda aka tabbatar yana da farfaɗiya zai sha magani kullum ba fashi, kuma tsayar da shi farat ɗaya yana iya tayar da jijjiga mai haɗari. A tattauna lokutan shan sa kafin azumi ya kama. Mace mai shekarun haihuwa ta tambayi sunan maganin da aka ba ta, domin valproate yana da haɗari ga ciki. Har sai likita ya ce an shawo kan abin, a bar tuƙin mota da babur, da hawa sama, da wanka a kogi, da jan ruwa a rijiya ko girki a buɗaɗɗiyar wuta mutum shi kaɗai. Yaro ya ci gaba da zuwa makaranta, a dai sanar da malaminsa abin da zai yi idan ta taso.

Addu'a da neman sauƙi daga Allah ba sa hana zuwa asibiti, amma a kiyaye fatar wurin. Tsaga da ƙaho da sakiya da shafa abu mai zafi suna barin tabo a fatar da ta riga ta yi siriri, kuma tabon yana wahalar da likitan da zai yi gyara daga baya. Man bilicin ma yana ƙara sirantar da ita. Haka nan kada a yarda wani ya cika kuncin da allurar da ba a san abin da ke cikinta ba.

Gyaran kamanni shi ne mataki na ƙarshe, kuma akasari ana jira cutar ta tsaya cak na shekara ɗaya zuwa biyu, abin da hotunan wata uku-uku za su tabbatar. Idan ramewar ba ta yi tsanani ba, ana zuƙo kitse daga ciki ko cinyar mutum a dasa a fuska, kuma da yake jiki yana shanye wani kaso, akan maimaita sau biyu ko fiye. Idan ta yi zurfi ana ɗauko nama da jijiyoyin jininsa daga wani sashen jiki, ko a gyara ƙashin muƙamuƙi bayan yaro ya gama girma. Wasu likitocin sukan yi dashen kitse da wuri ga yaron da tsokanar abokai ta hana shi sakewa, kuma damuwar irin wannan yaro abin faɗa wa likita ce kamar yadda ake faɗin ciwon kai. Bayan an yi gyara kada a yanke zuwa asibiti, domin alamomin jijiya ba sa bin sawun fata daidai: suna iya riga ramewar fitowa, suna kuma iya ɓullowa shekaru bayan fuska ta daina canzawa. Duk sabuwar fizga, musamman a kishiyar ɓarin da ya rame, a ɗauke ta a bidiyo a kai wa likitan jijiyoyi ba tare da jiran ranar da aka ba da ba.